Hanyar Gidan Malam Haliru

Duk wanda ya saba shiga mota a tashar Gusau ya san Malam Haliru direba. Tun gemunsa na baƙi yake jigila tsakanin Gusau da Tsafe, ranar kasuwa ya leƙa Bilbis. Mutum ne mai taurin kai, bai taɓa tambayar kowa hanya ba, kuma yana faɗin haka har ya gunduri mutane.

To, sai tsufa ya fara yi masa wasa da hankali. Rannan ya ɗauko fasinja, ya shiga shataletale ya yi ta kewayawa, ya rasa ta inda zai fita. Fasinja suka yi dariya, shi ma ya taya su. Da labari ya kai gida, 'yarsa Sumayya ta ce in aka kuma, makullin mota zai dawo hannunta. Direban da ba makulli kuwa, ai sai zaman ƙofar gida, abin da Haliru ya fi tsoro ke nan.

Motarsa 'yar Kwatano ce, tana da allon taswira a gefen sitiyari. Allon nan bai damu da sabis ba, sai dai har yau bai san ya baro ƙasar Turawa ba. Kana tsakiyar gonakin dawa zai nuna kana cikin teku, wata murya tana ta ba da umarni da yaren da ba mai jin sa. Sumayya ta sa masa taswirar waya, ta adana gidansu na Gusau a ciki. Ita wannan ta san Zamfara, amma da sabis ya ɗauke sai ta yi gum.

"Wagga ta san hanya ba ta magana, waccan na magana ba ta san hanya ba," in ji Haliru. "To ni wa za ni bi?"

Wata la'asar ya taso daga Tsafe ba fasinja. Yana shiga Gusau wayar ta farka ta ce hagu, allon ma ya kama nasa surutun, kibiyarsa na nuna dama. Kansa ya ɗaure tamau. Ya kife wayar, ya rage muryar allon, ya bar hannuwansa su yi tuƙin. Nan take ya ji sanyi a ransa, don ga hanya ya gane ta sarai. Ya ratsa Gusau, ya miƙe har Bungudu, ya shiga wani lungu, ya tsaya gindin darbejiya a ƙofar gidan mahaifinsa, gidan da aka sayar tun da daɗewa.

Wayar ta yi ƙara, Sumayya ce. "Baba, kana ina?"

"Ina ƙohwar gida mana. Ce ma Inna ta kawo min ruwa."

Inna, mahaifiyarsa, ta rasu tun ba a haifi Sumayya ba. Nan Sumayya ta gane a Bungudu yake, ta ce, "Tsaya nan, Baba, ga ni nan tahe."

Da ta iso, magariba ta kawo jiki. Ta same shi zaune cikin mota yana kallon ƙofar, allon na nuna shi a tsakiyar teku. Shi ya zare makullin da kansa ya miƙa mata, ya ce, "Ke kin san hanya?"