Direban da Ya Ɗaure Giya da Zoben Makulli

Tun kafin masu shara su iso ƙaramin asibitinmu, Baba Direba ya riga ya durƙusa gaban motarsa. Zai leƙa ƙarƙashinta ko ta ɗigar da mai, ya bi tayoyi huɗu yana harbi da ƙafa, sannan ya tada ta ya karkata kai yana saurare, kamar likitan da ke jiran mara lafiya ya faɗi inda ke masa ciwo. Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan, kuma ƙarshen makon nan zai miƙa makulli ya koma gida ya huta.

Motar farar bas ce mai gado ɗaya a baya, da ita ake kai wanda ciwonsa ya fi ƙarfinmu babban asibiti. Ma'aikata Tsohuwa suke ce mata, shi kuwa ya tsani sunan. "Ba ta tsufa ba," in ji shi, "ku ne ba ku iya gaishe ta ba."

Yana da wani hali da ya sa ya sha tsokana. Duk guntuwar roba, duk tsohon noti, duk 'yar waya da ya gani a ƙasa, sai ya tsince ya jefa cikin wani gwangwanin madara da ke ƙarƙashin kujerarsa. Kowa ya ci amfanin gwangwanin nan, daga mai gadi da kekensa har mai wanki da famfonta, amma ba wanda ya fasa ce masa mai kwasar bola.

Ungozomarmu, wadda kowa ke kira Anti, ita ce ta fi kowa shaidarsa, don ita ta yi masa ɓarnar da har yau take jin kunya. Shekara shida da suka wuce, ranar da masu duba tsafta za su zo, ta shiga motar da tsintsiya. Ta ci karo da gwangwanin, ta yi tsaki, ta aika shi bola ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Da rana tsaka aka kawo wata mata mai naƙuda. Ɗa ya kwanta a gicciye, jini kuma ya ɓalle. Sai dai a yi mata aiki, aikin kuwa sai a babban asibiti, tafiyar kusan awa guda. Aka sa ta a mota, Anti a gefenta, mijin a gaba.

Sun ci rabin hanya, a gindin wani hawa da babu gida babu rumfa, Baba ya taka kuloci zai sauya giya. Sandar ta tafi sakaka a hannunsa, tana yawo kamar cokali a kofin da babu komai. Inji na kuka, mota ba ta ja. Ya lallaɓa ta gefen titi.

"Baba, lafiya?" Anti ta tambaya daga baya.

"Giya ta saki. Ki kula da ita, ina zuwa."

Mijin ya diro yana ɗaga wa motoci hannu, ba wadda ta tsaya. Baba ya shige ƙarƙashi da filaya a baki. Can ya ga abin da ya zata: robar da ke riƙe ƙarfen sandar a jikin akwatin giya ta rududduge, 'yar ƙusar da ke tare shi ta faɗi, ƙarfen ya zame yana lilo. Ƙaramin abu ne. Ya fito da murmushinsa, ya zura hannu ƙarƙashin kujera. Wayam!

"Anti, wa ya ga gwangwanina?"

Ta ce, "Ni ce, Baba. Na zubar da safe."

Daga baya Anti ta ce da ya zage ta a lokacin, da ta fi samun sauƙi. Bai ko ɗaga murya ba. Ya dubi matar da ke kwance idanunta na lumshewa, ya dubi na'urar awon jini da ke ɗaure a damtsenta, sannan ya juya ga Anti.

"'Yata, tiyon na'urar nan nake so. Yanko mini tsawon ɗan yatsa."

"Baba, da ita fa nake ganin halin da take ciki!"

"In muka zauna a nan, me za ki yi da abin da kika gani?"

Ta ɗauki almakashi ta yanke. Shi kuma ya zaro makullan gidansa, ya zazzage su a aljihu, ya riƙe zoben kawai. Ya koma ƙarƙashi, ya sa wa ƙarfen guntun tiyon a madadin robar da ta mutu, ya tura shi mazauninsa, ya zura zoben a ramin ƙusar ya murɗe da filaya. Hannu ba ya isa wurin sai ya jingina da bututun salansa, wanda ke da zafi kamar garwashi. Ya jingina.

Ya hau kujera, ya taka kuloci, ya tura sanda. Ƙas! Ta shiga giya ta ɗaya. Mijin ya ƙwala kabbara har da dukan gaban mota. Tsohuwa ta haye tudun nan kamar ranar aka sayo ta, Baba yana shafa sitiyari yana cewa, "Yauwa 'yar albarka, nuna musu!"

Bayan awa biyu da isarsu babban asibiti, Anti ta fito daga ɗakin aiki da gudu. "Baba, mace ce! Uwa da 'ya duk suna raye!" Sai a lokacin ta ga hannunsa, fata ta saluɓe daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Ta durƙusa tana wanke masa tana kuka tana ba shi haƙuri. Ya ce, "Haba 'yata, hawayen nan ai sun fi maganin naki zafi." Washegari ya nemo sabuwar roba da ƙusa ya sa da kansa, don a wurinsa ɗaurin hanya na hanya ne, ba a kwana biyu a kansa.

Baba, kai ne ba ka taɓa sa farar riga ba, amma rayuka nawa suka bi ta hannunka? Gwanin tuƙi, mai sanyin rai a ranar da kowa ya rikice. Mun gode, wallahi mun gode. Allah Ya huta gajiya, Ya ba ka lafiyar cin hutunka.

Ku kuma masu riƙe sitiyari, ku koyi sanin cikin motarku kamar yadda ya san tasa. Ku durƙusa ku leƙa, gwiwarku ba za ta karye ba.

Yarinyar nan yanzu tana aji ɗaya. Kullum da safe takan tsallaka titi a bakin ƙofar asibiti da jakarta a baya, kai kuma ka taka birki ka jira ta wuce, wani lokaci har ta harare ka don ka matso da yawa. Ba ta san ko kai wane ne ba, Baba. Mu mun sani.