Ranar da Kaka Ta Hana a Rufe Ƙofa

Idan kwanon rufi ya saki ƙusa, akwai wata ƙara da yake yi in iska ta taɓa shi, kamar ana buga tsohon faranti a hankali. Jiya na ji ta daga bayan gidan maƙwabta, sai na tashi na bi tagogi ina dubawa. Haka nake tun ina ƙarama. Bari in gaya muku inda na fara sanin wannan ƙara.

Ina 'yar shekara goma ko kusa da haka, muna zaune a Doha, a wani tsohon gida a unguwar Al Asmakh. Ɗakunanmu a ƙasa suke, ƙofar falo tana kallon lungu. Mamata nas ce, babana kuma yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ba sa wuni a gida, shi ya sa aka ɗauko Kaka, mahaifiyar Mama, daga ƙauyenmu na kan dutse a Filato, ta zo ta zauna da ni da ƙanena. Gajeruwa ce, tafin hannunta kaushi kamar ɓawon itace, kullum tana ƙanshin man kaɗanya. Ba ta taɓa sabawa da garin ba. Takan ce ƙasar da ba a jin kukan kwaɗi, ba ta san yadda mutum zai gane damina ba.

A ɗaya gefen lungun ana gina wani bene. An kewaye wurin da kwano, a bakin ƙofar kuma akwai ɗan ɗaki na katako inda maigadi yake kwana. Dattijo ne mutumin Katsina, Musulmi, gemunsa ya yi fari. Baba maigadi muke ce masa. In Kaka ta yi tuwo sai ta zuba masa a kwano in kai, shi kuma da azumi ya turo mana dabino. Banda mu, ba shi da wanda zai yi Hausa da shi a duk layin.

Wata shekara, cikin tsananin zafi, talabijin ta fara nuna wata guguwa da ta taso daga teku ta afka wa wata ƙasa kusa da mu. Na ga motoci cikin ruwa, itatuwan dabino sun sunkuya har ƙasa. Aka ce wutsiyarta tana iya biyowa ta kanmu. Ranar Juma'a muka je sujada, don ita ce ranar hutu a can, a falon wani ɗan garinmu muke taruwa a lokacin, maza suka yi ta gardama ko za ta iso ko ba za ta iso ba. Ni dai ban ci abinci ba. Asibiti suka ce Mama ta zauna a can har a ga abin da hali zai yi. Babana kuma kamfaninsu ya tura shi bayan gari. Aka bar mu da Kaka.

Ita ba ta yi gardama da kowa ba. Ta sa muka cika bokitai da duk wata roba da ruwa. Ta soya gyaɗa, ta dafa ƙwai. Ta naɗe ashana da kyandir a leda. Littafi Mai Tsarki da fasfo ɗinmu ta ɗaure su cikin zani ta ɗora a kan kabad. Ni kuma na ɗauki ƙofa a matsayin aikina. Na cusa tsummoki a ƙarƙashinta, na murɗa makulli, na koma na sake murɗawa. In na durƙusa addu'a sai in bi sunayen 'yan gidanmu ɗaya bayan ɗaya, in na yi tsammanin na tsallake wani sai in soma daga farko, don a ganina wanda na manta shi iska za ta ɗauke.

Da la'asar Kaka ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ɗakin Baba maigadi. Can sai ta kwance igiyar shanyarmu, ta ce in biyo ta.

"Malam, wannan akurkin naka ko akuya ta jingina da shi zai faɗi," in ji ta.

Ya yi dariya ya ce, "Iya, ai ni da shi mun saba. Allah na nan."

"Yana nan mana. Ɗauko mini bulo."

Kamar yadda suke yi a ƙauye kafin hadarin farko, ta sa ya hau ya jera bulo a kan kwanon. Suka jefa igiya ta bisa, suka ɗaure bakinta a jikin ƙarfen shinge. A hanyar komawa na tambaye ta, tunda Yesu yana iya tsawata wa iska ta kwanta, me ya sa muke wannan wahala. Ta ce, "Shi ya ba ki hannu. Ki yi addu'a, ki ja igiya."

Washegari da rana iskar ta zo. Sama ta yi ja, sannan ta yi duhu kamar magariba. Ledoji da kwalaye suka yi ta gudu a lungu. Shingen ginin ya kama wannan ƙara da na gaya muku, daga kowane gefe. Ƙanena ya shige ƙarƙashin tebur. Kaka ta leƙa ta taga, ta ga ɗakin katakon yana rawa, sai ta ja tsummokina da ƙafa ta buɗe ƙofar. Na kama zaninta ina kuka, ta cire hannuna ta tsallaka lungun a sunkuye.

Ina jin muryarsu sama-sama. Yana cewa ba zai bar bakin ƙofa ba, akwai siminti da ƙarafa a ciki, in kafil, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ya zo bai same shi ba shi kenan, aiki ya ƙare, sai jirgin komawa gida. Yana da 'ya'ya a gida da suke ci daga wannan aiki. Ita kuma tana cewa, "Gadi aka ce ka yi, ba a ce ka mutu ba! Daga ƙofarmu ba ka ganin taka? Zo ka yi gadinka a can." Da ya ƙi, sai ta zauna a kan bulo a gabansa, ta naɗe hannu. Tsohuwa, cikin wannan iska. Bai iya jurewa ba. Ya ɗauki buzunsa da 'yar rediyonsa, ya riƙo Kaka suka tsallako.

Ya zauna a kan kujera daga cikin falo, fuskarsa tana kallon ginin. Na je zan rufe ƙofa, Kaka ta ce, "Bar ta." Na ce ƙura tana shigowa. Ta ce, "In kin rufe, zai tashi ya koma." Ban taɓa shan azaba irin ta wannan zama ba. Ƙura tana kwarara cikin ɗaki, labule yana tashi har rufi, yashi a haƙorana. Kaka ta rungume mu a ƙasa tana rera waƙar sujada da yarenmu, ƙasa-ƙasa. Shi kuma yana jan carbi. Na rufe ido na fara jera sunaye, da na zo ƙarshe sai na ga ban san sunansa ba. Na ce, "Da Baba maigadi," ina fargabar ko hakan zai isa.

Ban gama ba muka ji tsawa kamar mota ta bugi bango. Igiyar ta tsinke. Rufin ɗakin Baba maigadi ya ɗaga, bulo suka zube a ciki, daidai inda yake shimfiɗa tabarma, sannan bango ɗaya ya kwanta a kansu. Baba maigadi ya ce, "Innalillahi!" Kaka ta ce, "Yesu!" a tare. Sai Kaka ta ce, "Wayyo igiyata sabuwa." Ya fashe da dariya, hawaye suna bin ƙurar fuskarsa.

Kafin dare iskar ta lafa, guguwar da ake tsoro ba ta iso da ƙarfinta ba. Da kafil ya zo, ya sami Baba maigadi tsaye a bakin ƙofar ginin, ko buhu ɗaya bai ɓata ba. Mama ta dawo da safe a gajiye, ta ga kujeru da gado da tukwane duk sun yi ja. Ta ce, "Mama, me ya faru a gidan nan?" Kaka tana shara ta ce, "Baƙo muka yi."

Kaka ta koma ga Ubangiji da daɗewa, a ƙauyenta, cikin damina. An rushe gidan nan na Al Asmakh. Yanzu gargaɗin iska a waya yake zuwa, kowa ya karanta nasa ya kulle ɗakinsa. Tsoro bai bar ni ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ban yi karatu mai zurfi ba, ban kuma iya wa'azi ba. Amma duk unguwar da na koma, kafin in san inda kasuwa take, sai na je na gaishe da maigadi, na ga irin ɗakin da yake kwana, na tambayi sunansa.