Dutsen da Mai Tabarau Ya Ƙi

Duk wanda ya san Mai Tabarau ya san hannunsa ba ya rawa. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne, tsakanin tela da mai gyaran waya. Teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai gwangwanin madara cike da 'yan notunan da in ɗaya ya faɗi sai an yi rarrafe. A nan ya yi furfura yana ɗaure wa mutane ƙafar tabarau.

Ƙanwarsa Auta ce ciwon da ba ya faɗa. Da mahaifinsu ya kwanta rashin lafiya, shi ya bar makaranta ya riƙe shago, ita ta wuce. Tana 'yar firamare ya haɗa mata na'urar hangen nesa da tsoffin gilasai da bututun ruwa, ta hango ramukan wata, daga nan fa ba ta ƙara sauko da kai ba. Yanzu masaniyar duniyoyi ce a wata jami'a mai nisa, tana bin sawun duwatsun da ke kewaya rana. An ce da lissafinta da na abokan aikinta ake sanin wane dutse zai gitta kusa da duniyarmu.

Abokan aikin nan su suka tsaya masa a maƙogwaro. In ta kira waya, ba ka jin komai sai mun gano, mun auna, mun buga. Shi kuwa ya san wannan "mu" ɗin babu shi a ciki. Wanda ya fi ba shi haushi wani mai gemu ne da ke yi musu aikin kwamfuta, kowane hoto yana nan gefenta yana washe baki. Kishi yake, wallahi, kishi tsagwaronsa, ko da yake in ka tambaye shi cewa zai yi bai ma san me suke yi ba. Matarsa kam ta sha kama shi yana buɗe hoton da yatsu biyu yana tsaki.

Wata rana da hantsi Auta ta kira. Ta ce a sana'arsu, waɗanda suka gano dutse su ke raɗa masa suna, kuma a ƙungiyarsu bi da bi ake yi. Bayan shekaru layi ya zo kanta, sunan yayan nata take so ta sa.

Murna ta kama shi. Amma a gidansu ba a karɓar abu da tayin farko; mahaifinsu ko kujera sai an yi ta fama da shi kafin ya zauna.

"Haba Auta, me zan yi da dutse?" in ji shi. "Ki ba manyan mutanenki mana."

Ta ce, "Da gaske kake, Yaya?"

"Da gasken gaske."

Ta ce to, ana jiran ta a taro. Ya ajiye waya yana murmushi, don ya san za ta sake kira ta roƙe shi, shi kuma ya ja aji kaɗan ya yarda. Kafin la'asar tela ya ji, mai gyaran waya ya ji, har wata tsohuwa da ta kawo karyayyen firam ɗin tabarau ta tafi da labarin sunansa zai hau sama. Auta ta ci gaba da kira tana gaishe da yara, maganar dutse ba ta ƙara tasowa ba. Shi ma girman kai ya hana shi tayarwa.

Da ta zo hutu ta biyo shago, ta zauna a bencin masu jira kamar da. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ya tambaya, yana goge gilashi, ko ina aka kwana a zancen dutsen nan. Ta ce ai an gama tuni. Mai gemu ta ba, har hawaye ya yi, bawan Allah. Kuma suna in an amince da shi ya zauna ke nan, ba a canzawa.

"Ke ba ki san halina ba?" in ji shi. "Sau ɗaya fa kika tambaya."

"Yaya, a wurinmu in mutum ya ce kar a sa sunansa, ba a sawa. Na yi kuka ranar. Na ɗauka har yanzu kana jin haushin ni na tafi kai ka zauna."

Bai musa ba. Ya tambayi yaushe layi zai sake zagayowa, ta ce da wuya kafin ta yi ritaya.

Ya miƙa hannu ya zare tabarau daga fuskarta, wai ƙafar ta saki. Ya ɗauki noti, hannun ya ƙi tsayawa, notin ya gangara ƙarƙashin teburi. Auta ce ta durƙusa tana nema.