Layi Ya Zo Kanmu, Yaya Ƙamus

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, wata nas ta sauko ɗakin wankinmu da ke ƙarƙashin asibiti, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce kin cika. Kwana biyu ke nan da faɗuwarki a gaban babban injin, da damin zannuwan gado a hannunki. Ko da aka faɗa mana, ba wanda ya kashe injin, Yaya Ƙamus, domin ɗakin tiyata na jiran kaya. Muna kuka muna ninki.

Ni ce mai gugar nan ta kusa da ƙofa, wadda kike kira Auta. Rubutu ba sana'ata ba ce. Abu biyu suka sa na ɗauki biro: alherinki, da wani laifi da na yi miki wanda ban nemi gafararsa ba har kika tafi. Yau kuwa sai na faɗe shi.

Wanda bai taɓa saukowa ɗakinmu ba, ba zai san ki ba. Ba taga ko ɗaya. Fitila fara a kunne tun safe, tururi yana ɗiga daga rufi, ba ka sanin ko rana ake yi a waje ko ruwa sai ka ga takalmin wanda ya shigo. A nan kika yi shekara goma sha bakwai. Ranar da na fara aiki dutsen guga ya lashe mini wuyan hannu, na ɓoye don kada a ce ban iya ba. Kika ja ni bakin famfo, kika riƙe hannun a ƙarƙashin ruwa, kika ce, "Auta, a ɗakin nan ciwo ba abin kunya ba ne. Ɓoye shi ne wauta." Wayyo, Yaya, da ke ma kin ji maganarki!

Sunan Ƙamus kuwa kin same shi ne daga ɗan littafin nan marar bango da ba ya barin aljihun rigar aikinki. Kin yi shekara biyu a kwalejin malamai kafin mahaifinku ya rasu, kika ajiye karatu kika ɗauki gida. Duk wata takardar Turanci da ta tsorata mutum, gare ki ake kawo ta: ta makarantar yara, ta magani, ta mai gidan haya. Ki share hannu a riga, ki karanta, ki ce, "Ashe ma ba komai, kurin banza ne," sai mutum ya ji numfashinsa ya dawo.

Shekara biyu da suka wuce mutanen sama, wato ofis, suka ɓullo da wani fom. Duk wata shida a kawo, tambaya ɗaya da Turanci: yaya kake ɗauke da aikinka? Gurbi huɗu ne, ka sa alama a ɗaya. Ke kika fassara mana. Na farko, aikin yana tafin hannuna. Na biyu, ina maneji. Na uku, ina kokawa da shi. Na huɗu, ya fi ƙarfina.

Ranar kin ba mu dariya har da hawaye. Kika ce Turanci ya tanadi kalmomin wahala kamar mai shago ya jera kaya. Wannan ya ce da ƙyar kansa ke saman ruwa, wancan ya ce yana nan a rataye bai saki ba tukuna, wani kuma farantinsa ne ya cika. Ko wahalar rabi ce ko kwata, akwai sunanta. "Mu fa? A ce ina aiki, mu ce da godiya. A ce ina gajiya, mu ce ba gajiya, alhali ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga takalmi." Kika gargaɗe mu da maneji musamman. Kika ce mu idan mun faɗe ta, kuka muke yi a hankali, amma a kunnen mutanen sama ma'anarta a bar ka yadda kake.

Sai kuma kika karanta mana ƙananan rubutun da ke bayan takardar. Idan mutum biyu a sashe ɗaya suka zaɓi na huɗu, za a turo ƙarin hannu na wata shida. Amma duk wanda ya zaɓa, sai likitan ma'aikata ya duba shi, wanda kuwa ya zaɓa sau biyu za a sake nazarin ko ya dace da aikin. Kowa ya san me wannan ke nufi. Gaba kura, baya sayaki.

A nan ne kika yi abin da ba zan manta ba. Kika raba mana layin kuka. Kowane zagaye mutum biyu su ce ya fi ƙarfinsu, sauran su ce suna kokawa, ba mai maimaitawa. Har koya musu kike yi abin da za su gaya wa likita. Baba Mai Injin, wanda a rayuwarsa bai taɓa cewa wash ba, sai da kika zaunar da shi kwana uku kafin ya yarda ya furta cewa bayansa na ciwo. "Baba, ba raki ba ne, cika fom ne," kika ce masa. Sau uku dabarar ta ci, sau uku aka turo mana hannu, muka samu har zama mu ci abinci.

Mutum biyu kawai kika keɓe daga layin, ni da ke. Ni saboda takardar aikina ta wucin gadi ce, ana iya sallamata ba tare da an ba ni dalili ba. Ke kuma saboda ƙirjinki. Mun san kina hawa matakalar nan kina tsayawa sau biyu, kina yi kamar takalmi kike gyarawa. Da likita ya ɗora miki abin awo, an gama, ga Inna mahaifiyarki a gida, ga 'yan matanki biyu a makaranta.

Layi kuwa ba ya ƙin ƙarewa. Muna tara, wasu suka yi ritaya, wata ta koma garin mijinta, ba a maye gurbin kowa ba, muka koma shida. Da fom na huɗu ya zo, kowa ya riga ya yi kukansa. Kika same ni ina fesa wa rigar likita ruwa, kika ce a hankali, "Auta, layi ya zo kanmu. Idan kin sa, na sa. In sun kore mu, sun kori biyu."

Na ce, "Na sa, Yaya. Wallahi na sa."

Na rantse miki da Allah, sannan na juya baya na jingina takardar da bango. Na tuna 'ya'yana uku da ubansu da ke zaune ba aiki. Hannuna ya kai kan gurbi na huɗu, sai kawai na ga ya hau sama ya sa alama a maneji. Ba wanda ya tilasta mini. Tsoro ne, tsoro tsagwaronsa.

Ke ce mai tattara takardun. Na gan ki kin buɗe tawa. Kin daɗe kina kallonta. Na jira ki zage ni, na jira ko harara, da na samu sauƙi. Sai kawai kika ajiye ta. Kukan mutum ɗaya ba ya kawo hannu, likita kawai yake kawowa, don haka kika ciro taki, kika soke abin da kika sa, kika koma gurbi na biyu, kika sa hannu a gefe. Washegari kika ce mini, "Auta, kin karya kuwa?" kamar ba abin da ya faru.

Ba a turo kowa ba. Wata huɗu kina ɗora wa babban injin kaya ke kaɗai, aikin mutum biyu majiya ƙarfi. Kullum ina cewa gobe zan nemi gafararki, kullum kwandon guga ya fi jiya tudu. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun faɗa kuma na yi imani. Amma sanin nan bai hana ni ganin hannuna a kan takardar ba duk sanda na rufe ido.

Kwana biyar da rasuwarki ofis ya aika wa gidanku wasiƙar ta'aziyya da Turanci. Mai karanta wa gidan takardu ba ta nan, sai 'yan matanki, da kuka ya hana su, suka miƙo mini. Na zauna a gaban Inna ina haɗa kalmomin da kika koya mini.

"Me suka ce, 'yar nan?"

"Inna, sun ce a shekara goma sha bakwai ba ta taɓa cewa aiki ya fi ƙarfinta ba. Sun ce abar koyi ce."

Inna ta gyaɗa kai, har da ɗan murmushi. "Haka take, ba ta da raki." Sannan ta kamo hannuna ta riƙe gam. "Kullum sai ta yi zancenki. Ta ce tana da ƙanwa a wurin aiki wadda ba za ta taɓa barinta ita kaɗai ba. Allah Ya yi miki albarka."

Na ce amin. Abin da na iya cewa ke nan, Yaya. Na fito da albarkar da ba tawa ba, har yau na rasa inda zan sauke ta.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka sa mata haske da iska mai sanyi, domin ta daɗe a ɗakin da ba taga. Ka sa abin da ta ɗauka ya zama nauyi a mizaninta, Ka hutar da ita a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yan matanta biyu, Allah Ya raya su Ya tsaya musu, da abokan aikinmu, da duk wanda ta taɓa karanta wa takarda.

Ke ba za ki amsa mini ba yanzu, saura Inna, ita kuwa ba ta karatun boko. Don girman Allah, duk wanda zai karanta mata wannan, kada ya tausaya mini ya tsallake wani wuri. Ya karanta mata duka. In ta ji ta janye albarkarta, haƙƙinta ne. In kuma ta bar mini, to ranar ce zan fara yi miki kuka kamar kowa.