Ƙullin da Na Yi wa Akwatin Bature

Jikata ce ke rubuta wannan, ni baki kawai na kawo. Ban taɓa zama a aji ba, amma duk unguwar Wambai ba a yi wadda za ta ja da ni a tatsuniya ba, tun ina 'yar ƙwaila har yau da haƙora suka ƙare. Ita tana jami'a, wai tana koya wa kwamfuta jin Hausa. In an yi hutu kuma sai ta tara 'yan matan unguwar Magajiya a zaure tana nuna musu yadda ake latsa abin. Jiya da hantsi ta ajiye waya a kan tabarmata ta ce, "Kaka, ki yi mini tatsuniya, na'urarmu ta koya daga bakinki."

Na dubi wayar, na dubi rana. Na ce mata kafin tatsuniya, fara rubuta wannan.

Zamanin Turawa ne, lokacin garin nan sunansa Abuja. Wata safiya ta damina mai unguwa ya aiko a kai ni ƙofar gidansa, wai wani Bature na neman mai tatsuniya. Inna ta riga ta ɗora kwandon daddawarta za ta kasuwar Madalla. Na riƙe mata zane na ce, "Inna, da rana fa!" Kowa ya sani, wanda ya yi tatsuniya rana tsaka, ko shi ko wani nasa sai ya ɓata a hanya. Maganin ɗaya ne, a ƙulle bakin zane kafin a fara. Inna ta ce, "Ƙulle ki je, kada ki ba ni kunya." Ta kama hanya.

Baturen yana zaune a inuwar ɗurumi yana ta fifita da hula. Ba shi ne mai aikin ba. Mai aikin wani dogon Bazazzagi ne, ɗalibi a babbar makarantar Kudu, aljihunsa cike da 'yan guntayen takardu. A gabansa ga akwati mai faifai biyu, da wani abu kamar ludayi da ya kara mini a baki.

Na ƙulle zanena tamau. Ya gani ya yi dariya.

"Ƙanwata, gudu za ki yi ne kike ɗamara?"

"Malam, kai dai kama ludayinka."

Na yi musu ta yarinyar da ta bi wata tsohuwa cikin rijiya. Na yi ta yadda ake yi, da waƙarta da muryar tsohuwar, har Baturen ya daina fifita. Da na gama na kwance ƙullina, na ce shi ke nan, na fita lafiya.

Sai malamin ya murɗa wani abu. Faya-fayan suka juya, kuma sai ga ni ina magana daga cikin akwatin. Muryata ce, har da tarin da na yi a tsakiya. Mutane suka ja da baya suna salati, yara suna dariya. Ni ba muryar ce ta firgita ni ba. Na dubi akwatin sama da ƙasa, ba shi da zane, ba shi da ƙulli, ga rana ta take tsaka, ga tatsuniyata tana fita tsirara. Nawa ƙullin kuma na riga na kwance. Inna tana kan hanya.

"Malam, tsai da shi!"

"Yanzu ma muka fara. Kowace kalma sai na rubuta ta a takardarta, in ƙirga sau nawa kika faɗe ta."

"Sau nawa zai maimaita?"

"Har sai na gama. Daga nan a kai shi Ikko, a haye teku da shi."

Sau uku ya juya shi a gabana. Kowane juyi sai in ga Inna tana ƙara nisa cikin dawa.

Da azahar hadari ya haɗo ta wajen dutsen Zuma, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na zauna a zaure ina kallon hanya. Matan da suka tafi tun asuba suka dawo, babu Inna a cikinsu. Na tambayi ɗaya, ta ce ta baro ta tana ɗaure kwando. Aka kira la'asar. Ƙanena na goye yana ta kuka, ni kuwa na san abin da na yi, kuma ban iya gaya wa kowa ba.

Ban taɓa taka barikin Turawa ba, amma can aka kai akwatin. An ce akwai kare kamar ɗan maraƙi. Na goya yaron, na bi ta cikin taɓo. Tun daga nesa na jiyo kaina ina waƙar rijiya. Malamin yana baranda, ya baje takardunsa a kan tebur, akwatin na ta juyi.

Na sa haƙori na yage bakin zanena, sabon zane, na sallah ƙarama.

"Malam, ko ka bari in ɗaure shi, ko in kwanta a nan har Baturenka ya kira ɗan doka."

"Ƙanwata, ƙarfe ne fa. Bai san dare ba, bai san rana ba."

"Shi ya sa! Ni na sani. Bakina ne a ciki, uwata ce a hanya."

Ya dube ni. Dariyar ta ɓace daga fuskarsa. Ya ce shi ma kakarsa takan ƙulle zane, ya manta ne kawai. Ya tsai da faifan, ya turo mini akwatin. Na zura tsumman a mariƙinsa na yi ƙulli, na ja har yatsuna suka yi ja. Na sa ya yi mini alkawari ba za a kwance ba ko a bayan teku. Ya ɗauki sabuwar takarda ya rubuta wani abu, ban san mene ne ba.

Ana shirin magariba Inna ta shigo, jiƙe sharkaf, ƙaya duk ta tsattsage mata ƙafa. Ta ce rafi ya cika, ita da abokan tafiyarta suka zaga ta sama, hanya ta ɓace musu cikin dawa, suna ta dawowa gindin kuka ɗaya. Sai wajen la'asar sakaliya suka ji saran itace suka bi. Ni na san lokacin da na ja ƙullina. Ta ga zanena a yage ta kai mini ranƙwashi biyu, ban yi kuka ba, ban kuma gaya mata dalili ba har ta koma ga Allah.

Da na kawo nan jikata ta ajiye biro ta ce, "Kaka, ai tamu na'urar ba sau uku za ta ji ba. Kullum cikin ji take, dare da rana."

Na tambaye ta yaushe za ta koma makaranta. Ta ce jibi, motar safe, ta hanyar Madalla.

Na ce ta miƙo mini zaren da ke cikin gwangwanin allura. Ta yi ta ƙyalƙyala dariya, wai za a yi mata tsiya a ɗakin bincike. Na ce su yi. Na naɗe wayar na yi ƙulli biyu, na sa ta rantse ba za ta kwance ba, sannan na gyara zama na fara.