Ranar da Kafinta Ya Dawo

Akwai ranar da ba ta fita raina, wata Asabar a farkon 1970, lokacin ina mataimakin mai haska fim a wata silima a unguwar Asawase. Maigidana a ɗakin inji shi ne Baba Sanda, wanda muka binne makon jiya. Allah Ya jiƙansa.

Manajan silimar ya kawo wani fim da jarida ta yaba. Labarin wani tsohon kafinta ne da 'yarsa. Ba dambe, ba waƙa, ba doki. Tsoho ya fere katako, ya ci abinci, ya yi tari, ya mutu. Kwana biyu mutanen Zango suna hamma. Wani kafinta daga unguwar Anloga ya ce, "Wannan ai abin da na baro a shago ne."

Fim ɗin faifai biyar ne, kowanne da lamba a gwangwaninsa. Aikina in miƙa su bi da bi. A nunin rana na Asabar ɗin, sai na miƙa na biyar kafin na huɗu. Aka binne tsoho, 'yarsa ta sha kuka, sai ga shi zaune yana cin abinci.

Silima ta kaure da ihu. "Ya dawo! Wallahi ya dawo!" Wata hajiya har da guɗa.

Manaja ya hawo yana haki. "Wa ya yi wannan? Ya bar aiki!"

Ina da mata da jariri. Baba Sanda ko kallona bai yi ba, ya ce, "Manaja, ni ne. Ido ya tsufa."

"To, Litinin za mu yi magana."

Ashe a cikin 'yan kallo akwai wani malamin jami'a mai sharhin finafinai a jarida. Ranar Litinin sharhinsa ya fito. Ya ce gwanintar mai fim ita ce maido da mamaci ba tare da wani bayani ba. Manaja ya karanta sau biyu, ya hawo ɗakinmu, ya ce, "Daga yau, biyar kafin huɗu."

Mako biyu silima tana cika. A watannin nan gwamnati ta kori baƙi, maƙwabtanmu da yawa an sa su barin ƙasar, mutane kuwa suna son ganin wanda ya tafi ya dawo.

Ku yara masu tasowa, ku duba lambar gwangwani sau biyu. Ku kuma sani, ɗan kallo da mai sharhi duk abin da suka rasa suke zuwa nema.

Baba Sanda bai taɓa tuna mini da laifin nan ba. Da muka rufe kabarinsa, na daɗe a tsaye. Wannan karon babu faifai na huɗu a hannuna.