Da Silifa a Bayan Uhudu

Likita ne ya ce sukari ya yi mini yawa, in riƙa taka ƙasa. Autata ta ji, ta ce ƙungiyarsu ta masu hawan duwatsu za ta fita ran Asabar, in ina so in bi su. Na yi dariya har da ƙwalla. Ubana daga ƙasar Kano ya tako da ƙafarsa har bakin teku da niyyar hajji, yana ƙwadago a hanya don ya ci, ga shi yau jikarsa sai an haɗa ta da malami ya koya mata tafiya.

Tun ba mu bar unguwarmu ta Al-Azizya ba ta kafa mini sharaɗi a mota. In sa takalmin da ta sayo mini, mai nauyi kamar turmi, kuma kada in yi mata Hausa a gaban mutane.

"Ya Baba, Arabi bas, Allah yikhallik," in ji ta, wato Larabci kawai, don Allah.

Takalmi dai na ƙi, na ce silifa ta ishe ni. Na biyun na karɓa, amma ya ci mini rai. Yarinyar nan tana jin Hausa tsaf, sai dai tun da ta shiga makaranta ban sake jin ta a bakinta ba. In na ce, "Kin ci abinci?" sai ta amsa da Larabci, "Aiwa." Na daɗe ina tsoron zan mutu 'yata ba ta yi mini magana da harshen uwata ba.

Da sanyin safiya muka iske 'yan ƙungiyar a bayan dutsen Uhudu. Samari da 'yan mata masu jini a jika, amma kowa da sanda biyu, ga jaka a baya mai 'yar tiyo da ake tsotsar ruwa. Jagoransu wani dogon saurayi ne baƙi, da usur a wuya, Larabcinsa ya fi na liman. Na dubi goshinsa, na dubi na wasu a cikinsu, na ce a raina waɗannan fuskokin na san inda aka ƙera su. Amma na yi alkawari, sai na ja bakina.

Muka fara da kufan wata ganuwa ta zamanin Turkawa a kan tudu, jagora ya yi ta bayani ina haki. Daga nan muka gangara wani ɗan masallacin dutse marar rufi, inda makiyaya ke salla a da. Ba wanda ya yi ko nafila, amma kowa ya ɗauki hoto yana fuskantar alƙibla cikin natsuwa. Can gaba muka tarar da tarin baƙaƙen duwatsu an jera su da'ira, ga zanen raƙuma a jikin fa. Jagora ya ce tun kafin Musulunci suke, ba a san waɗanda suka yi su ba. Ya dafa ƙirji ya ce, "Ajdadna," wato kakanninmu. Saura kaɗan in shaƙe da dabinon da ke bakina.

A gangara ne silifa ta ci amanata. Igiyarta ta tsinke, tsakuwa ta kwashe ni, na zauna da ƙarfi ƙafa a lanƙwashe. Ban san lokacin da na ce, "Wayyo Allahna!" ba.

"Sannu!"

"Sannu, Baba!"

"Ayya, sannu!"

Ta ko'ina ta fito. Jagora ya jefar da sandunansa ya ruga, yana cewa, "Baba, kar ka motsa! Ka ji ciwo?" da Hausar Damagaram tsantsa. Wata mai baƙin tabarau, wadda tun safe ba ta kalle ni ba, har da tafa hannu tana salati.

Sai suka farga. Suka riƙa satar kallon juna kamar waɗanda aka kama suna shan ruwa da rana a watan azumi. 'Yan Larabawan da ke cikinmu suna ta tambaya me aka ce. Jagora ya yi gyaran murya, ya gyara usur, ya maimaita mini sannun da Larabci, "Salamat, ya ammi."

Cikin masu jin Hausa, autata ce kaɗai ba ta ce sannu ba. Ta durƙusa ta ɗora ƙafata a cinyarta, ta ga idon sawun ya fara kumbura.

"Wa ya aike ka?" ta ce. "Ba na ce ka sa takalmi ba? Kullum ba ka jin magana!"

Hausar faɗa ce kaɗai ta rage mata, wadda uwarta ke yi mata tana ƙarama, ita ta juye mini a gaban kowa. Na ji ta sarai.

Na ce, "Me kika ce?"

Ta sake faɗa, da ƙarfi.